Wuƙar Likita da Bangaskiyar Mai Bi

A kowane asibitin da ake aikin tiyata a Abuja, tun daga Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni har zuwa Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da manyan asibitocin Kubwa, Nyanya, Bwari da Kuje, akwai wata takarda da akan miƙa wa majiyyaci ko danginsa kafin a shiga da shi ɗakin fiɗa. Takardar ba ta da tsawo. Abin da take nema shi ne a sa hannu cewa an ji bayanin likita, an kuma yarda a yi aikin. Amma sau da yawa a kan wannan 'yar takarda ake cijewa. Maigida ya ce sai ya kira fasto tukuna. Uwar miji ta ce a zuriyarsu ba a taɓa yanka mace ba. Wani daga cikin 'yan'uwa ya ce a ba su kwana uku su yi azumi da addu'a. Likita kuwa yana tsaye yana duban agogo, domin ya san abin da ke faruwa a cikin jikin wadda ke kwance.

Tambayar da ke zuciyar waɗannan bayin Allah ba ta wasa ba ce, bai kuma kamata a yi musu dariya ba. Suna tambaya ne ko mai bi da ya miƙa jikinsa ga wuƙar likita ya nuna ke nan bai amince da ikon Ubangiji na warkarwa ba. A bayanta kuma akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wadda ba mu cika yi wa kanmu ba: in ma ƙin tiyata bangaskiya ce, wa ya ba ni izinin in gwada tawa bangaskiyar a jikin wani?

Bari mu fara da ayar da aka fi riƙewa. Babu wata matar aure a ikkilisiyoyinmu da ba a taɓa yi mata addu'ar ta haihu kamar matan Ibraniyawa ba. Addu'a ce ta ƙauna, ni ma ina cewa amin. Sai dai yana da kyau mu buɗe Fitowa sura 1 mu ga wanda ya yi maganar, da wanda aka yi wa ita. Fir'auna ne ya umarci ungozomomi biyu, Shifra da Fu'a, su kashe kowane ɗa namiji da Ibraniyawa suka haifa. Suka ji tsoron Allah suka ƙi. Da sarki ya tuhume su, sai suka kāre kansu da zancen ƙarfin matan Ibraniyawa da saurin haihuwarsu. Wato amsa ce da mata biyu suka ba azzalumin sarki domin su ceci jarirai. Allah bai faɗe ta a matsayin alkawari ga kowace mace mai bi ba. Abin da ya sa wa albarka a wurin shi ne aikin ma'aikatan lafiya biyu da suka ƙi bari yara su mutu. In kuwa muka ce matan Ibraniyawa ba su san wahalar naƙuda ba, ina za mu kai Rahila, matar da Yakubu ya yi bautar shekara 14 dominta, wadda ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu a hanyar Baitalami (Farawa 35)? Ina za mu kai matar Finehas (1 Sama'ila 4)? Rahila ba ta rasa bangaskiya ba. Abin da ba ta samu ba a wannan hanya shi ne abin da matar Karu ko ta Lugbe take iya samu yau cikin awa ɗaya.

Akwai kuma masu kawo labarin sarki Asa, wanda aka zarga domin ya nemi masu magani sa'ad da ciwon ƙafa ya kama shi (2 Tarihi 16). Wanda ya karanta surar daga farko zai ga cewa Asa ya riga ya juya wa Ubangiji baya, ya dogara ga Suriya, ya jefa annabin da ya tsauta masa a kurkuku. Laifinsa shi ne ya bar Allah. Dubi kuma Hezekiya. Ya yi kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun (2 Sarakuna 20). Alkawarin ya riga ya fito daga bakin Allah, amma bai hana a sa magani ba. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya yi tafiya da Luka likita, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, ya kuma bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Manzon bai ga wani saɓani a cikin wannan ba.

Labarin da ya fi dacewa da takardar nan ta asibiti, a ganina, yana cikin Matiyu sura 4. Iblis ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali, ya ce masa ya diro, har ya kawo masa aya daga Zabura don ya ƙarfafa maganarsa. Ubangijinmu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Haikalin yana da matakala. Wanda ya bar matakala ya diro don ya tilasta wa Allah ya aiko mala'iku, ya mai da kansa mai ba da umarni, Allah kuma mai karɓa. Matar da jariri ya kwanta mata a gicciye, likita yana nan, ɗakin fiɗa yana nan, jini yana nan, sa'an nan a ɗauke ta a kai ta gidan addu'a a ce sai Allah ya juya yaron, to an kai ta tsororuwar Haikali an ce ta diro. Allah yana da iko ya juya yaron, wannan babu shakka. Bai dai yi alkawarin zai yi haka a duk lokacin da muka raina abin da ya riga ya tanada ba.

Yana da amfani iyalai su san abin da likita yake gani sa'ad da yake duban agogo. In naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya kasa wucewa ta ƙugun uwa, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina kai wa wurin. Bayan awoyi naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ma ba ya rayuwa. Wani lokaci mahaifar ce take fashewa, uwa ta zubar da jini a ciki inda ido ba ya gani. Haka yake ga yaron da zazzaɓin taifot ya huda masa hanji, ko magidancin da ƙabarsa ta shaƙe: abin da za a gyara da ɗinki kaɗan ranar Litinin yakan zama ajali ranar Alhamis. Kwana ukun da ake roƙo domin azumi, jiki ba ya bayar da su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa haihuwa kusan 3 kacal cikin 100 ake yi ta hanyar tiyata a ƙasarmu, alhali masana sun lura cewa mutuwar iyaye mata da jarirai tana raguwa yayin da adadin yake hawa zuwa wajen 10 cikin 100. Tsakanin 3 da 10 ɗin nan akwai kaburbura, wasunsu mu muka yi waƙa a bakinsu.

Abin mamaki shi ne, ba kowace tiyata muke yi wa wannan gardama ba. Ranar 14 ga Afrilu 2014, da bam ya tashi a tashar motar Nyanya ya kashe mutum fiye da 70, an kwashi waɗanda suka ji rauni zuwa asibitocin birnin nan, likitoci suka yi ta ciro ƙarafa suna ɗinke jijiyoyi. Ban ji wanda ya ce a dakata a yi azumi ba. Haka in mota ta buge magidanci a hanyar Keffi ƙashi ya fito waje, da gudu ake kai shi. Tsoho in yana ta rufe masa ido, 'ya'yansa ne suke haɗa kuɗi a kai shi a cire. Sai an zo kan mace mai naƙuda ne wuƙa take zama abin kunya, a riƙa raɗa cewa raguwa ce, ta kasa abin da kowace mace take yi. Wannan ya isa ya nuna mana cewa abin da ke aiki a nan al'ada ce da gorin dangi, an dai sa musu rigar bangaskiya. Ga shi kuwa al'adar ma ba ta ƙi wuƙa ba. Gidan da ya ƙi likita mai shekara goma sha yana koyon fiɗa, shi ne yake kiran wanzami ya cire wa jariri beli, ko a yi wa mai doguwar naƙuda yankan gishiri da askar da ba a dafa ba.

Gardamar ma ba a kanmu aka fara ta ba. A 1846 aka fara nuna wa duniya fiɗa da maganin sa barci a birnin Boston na Amurka. A shekara ta gaba wani likita a Sikotilan, James Simpson, ya fara ba mata masu naƙuda maganin da ke ɗauke zafi, har ya rubuta ɗan littafi don amsa wa masu ganin hakan ya saɓa wa hukuncin da aka yi wa Hawwa'u. Cikin hujjojinsa ya tuna musu cewa kafin Allah ya ciro haƙarƙarin Adamu sai da ya sa shi barci mai nauyi. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta karɓi maganin wajen haihuwa, surutu ya lafa. A 1867 kuma Joseph Lister ya nuna yadda tsabtace rauni da kayan aiki yake hana ruɓewa. Tun daga nan fiɗa ta tashi daga abin da ake yi wa mutum ana danne shi, ta zama abin da muka sani yau.

Waɗanda suka kawo mana bishara kuwa da akwatin magani suka zo. Kakanninmu sun san Dokta Andrew Stirrett, wanda ya iso a 1902, da sunan Bature Mai Magani. Asibitin Vom ya fara a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, Evangel na Jos a 1959, inda aka buɗe sashen gyaran yoyon fitsari a 1992. A Babbar Ruga ta Katsina kuma wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya ɗinke dubban mata da mazajensu suka kora saboda wari. Mutanen da suka gina asibitocin mishan sun fi mu azumi. A ɗakunan fiɗarsu akan sunkuyar da kai a yi addu'a, sa'an nan a ɗauki wuƙa, ba su kuma taɓa ganin ɗayan ya soke ɗayan ba. A nan Abuja ma, cikin Nuwamba 2019, ma'aikata 78 a ƙarƙashin Farfesa Emmanuel Ameh sun shafe fiye da awa 12 a Asibitin Ƙasa suna raba wasu tagwaye mata da aka haifa manne da juna a ƙirji da ciki, duka biyun kuma suka rayu. Wanda ya ce babu hannun Allah a cikin wannan, sai ya gaya mana wa ya koya wa naman da aka yanka ya haɗe. Likita ɗinki kawai yake yi. Bai taɓa umartar fata ta kama ba.

Ba na cewa duk tsoron da ake ji na banza ne. Ana mutuwa a ɗakin fiɗa. Akwai wanda aka sa barci bai farka ba, akwai wanda ciwon ya ruɓe bayan an sallame shi. Akwai kuma ƙananan asibitoci a lungunan bayan gari inda wanda bai ƙware ba yake yanka mutane, da waɗanda suke gaggawar cewa sai an yi aiki domin kuɗin aiki ya fi na haihuwa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Saboda haka mai bi yana da cikakken 'yanci ya yi tambaya: me zai faru in ba a yi ba, wa zai yi, sau nawa ya taɓa yi, akwai jini a ajiye? In abin ba na gaggawa ba ne, kamar ƙari a mahaifa ko maƙoƙo, ya je wani asibitin ya ji bakin likita na biyu. Wannan hikima ce. Haka kuma dattijon da ciwon daji ya riga ya ci jikinsa, likitoci suka ce aikin zai ƙara masa 'yan watanni ne cikin wahala, in ya ce a bar shi ya koma gida cikin jikokinsa ya jira Ubangijinsa, bai yi zunubi ba. Mu ba masu bautar tsawon rai ba ne. Jikinsa ne, ya auna, ya zaɓa da hankalinsa.

A nan ne tambaya ta biyu take shigowa. Dattijon nan a kan kansa ya yanke shawara. Maigidan da ya ƙi sa hannu kuwa a kan matarsa ya yanke, shi kuma zai koma gida da cikinsa lafiya ƙalau. In abin ya ɓaci, ba shi ne zai yi shekaru yana zaune a kan tsumma ba, ba shi ne mata za su matsa su bar masa benci a sujada ba. Bangaskiyar da Littafi Mai Tsarki yake yabo ita ce wadda mai ita yake biyan kuɗinta da kansa. Daniyel da kansa ya shiga ramin zakoki, bai tura wani ba. Bulus kuma ya gaya wa Afisawa cewa miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa, ya ciyar da ita ya kiyaye ta. To, ya ɗan'uwa, in hanjinka ne ya tsinke, kwana nawa za ka ba fasto?

Ko shari'ar ƙasa ta gane wannan bambanci. A 2001 Kotun Ƙoli da ke zama a nan Abuja ta yanke cewa baligi mai hankali yana da iko ya ƙi magani saboda addininsa, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa. A 2019 kuma kotun ta tabbatar da cewa iyaye ba su da ikon hana a ceci ran ɗansu ƙarami da hujjar addininsu. Duka shari'un biyu a kan ƙarin jini aka yi su, amma ma'aunin ɗaya ne. Ya kamata kuma 'yan'uwa mata su sani cewa mace baliga da ke cikin hayyacinta, sa hannunta ya isa. Jiran maigida ladabi ne da zaman lafiyar gida, yana kuwa da kyau in akwai lokaci. Mafi kyau shi ne miji da mata su gama wannan magana tun ciki yana wata biyar, su gaya wa iyaye abin da suka shirya, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Su tambayi ma'aikatan awo su ji gaskiya: yawanci allura ake yi a baya, mace tana farke ta ji kukan ɗanta, aikin ba ya cika wuce awa ɗaya, mata da yawa da aka yi wa sau ɗaya sun sāke haihuwa da kansu daga baya, muddin a asibiti ne.

Ga shugabanninmu kuma akwai magana. Sa'ad da wayar fasto ta yi ƙara da tsakar dare, kalma ɗaya daga bakinsa ta fi bayanin likitoci uku nauyi a kunnen iyalin. In ya ce ku sa hannu ina zuwa, an sa. In ya ce kada ku yarda da rahoton mutum, an naɗe tabarma an fita. Wanda aka ba irin wannan iko zai ba da lissafinsa. Yakubu ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi wa marar lafiya addu'a, bai ce su sallame shi daga asibiti ba. Ina kuma roƙon a duba yadda muke ba da shaida ranar Lahadi. In wadda ta haihu da kanta ta fito da rawa tana cewa likita ya ce wuƙa amma Allahna ya kunyata shi, jama'a suka yi guɗa, me muka koya wa yarinyar da ke zaune a baya da ɗinki a mararta? Me muka koya wa mai cikin fari da ke sauraro? Ita ma wadda aka yi wa aiki a ba ta wuri ta fito da jaririnta, zumuntar mata su yi mata guɗar da ta fi ƙarfi, gama ta ga bakin kabari ta dawo.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba. Sau da yawa mutumin da ya ce yana jiran Ubangiji, lissafin kuɗi aka nuna masa ya ga ko ya sayar da babur ɗinsa ba zai kai ba. Ya fi masa sauƙi ya ce bangaskiya da ya ce babu. A 2015 wani kwamitin masana na duniya, wanda Farfesa Ameh yana cikinsa, ya ba da rahoto cewa mutum biliyan 5 ba sa iya samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke bukatarta, kuma a 2010 kaɗai kusan mutum miliyan 17 sun mutu da cututtukan da fiɗa take magani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, a Nuwamba 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Ya kamata dattawa su bincika su san asibitocin da ke kusa da su da suke cikin shirin. Amma kowa ya san tsakanin shela da gadon asibiti akwai tafiya, akwai kuɗin mota da dare daga ƙauyukan Kwali ko Abaji, akwai magani, akwai jini.

Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa bai tsaya ga tausayi ba. Ya wanke raunin, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a kan dabbarsa, ya ajiye dinari biyu, ya kuma ɗauki nauyin abin da zai ƙaru. Ikkilisiyar da take iya tara miliyoyi don tayil da na'urar sanyaya ɗaki tana iya ware baikon Lahadi ɗaya a kowane wata uku ta ajiye domin tiyatar gaggawa, a hannun mutum biyu ko uku amintattu waɗanda za a iya tasa da ƙarfe biyun dare ba sai kwamiti ya zauna ba. A rubuta sunayen masu mota da suka yarda a buga musu ƙofa. Matasa kuma su je a gwada jininsu a san rukunin kowa, a ajiye a littafi wurin sakatare. Lafiyayyen mutum da ya kai shekara 18, nauyinsa kuma ya kai kilo 50, yana iya ba da leda ɗaya, wadda ba ta kai rabin lita ba, ya sha ruwa ya huta kaɗan ya koma aikinsa, bayan wata uku ko huɗu kuma ya sāke bayarwa.